Gonar Kakana da Ke Ƙarƙashin Ruwa

Ranar da aka kai kakana makwancinsa, babu masuncin da ya shiga ruwa a gaɓarmu ta Tiga. Ba wanda ya yi shela, ba wanda ya hana. Jirage dai suka wuni a ɗaure, masu sarin kifi da suka taso daga Kano suka koma da kwandunansu haka nan. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mahaifin babana ne, kuma duk duniya ba ni da wanda nake sakewa da shi kamarsa.

Ni ina cikin gida wajen mata, kusa da Iya, matarsa. Wata tsohuwa ta taho tun daga Ɗansoshiya a bayan babur, da ƙyar aka sauko da ita, ta shigo tana dogara sanda. Ba ta ce wa Iya "ya haƙuri" kamar kowa ba. Zama ta yi ta kama hannunta ta ce, "Shi ke nan, yanzu wa ya rage da zai gaya mana inda rijiyar unguwarmu take?" Sai a nan Iya ta fashe da kuka, ita da tun asuba idonta yake a bushe tana ba mutane haƙuri.

Tsohuwar nan 'yar tsohon garinmu ce, garin da ruwan dam ya shanye tun babana yana ƙaramin yaro. Da aka tashe su, kowa ya kama inda Allah ya jefa shi. Wasu suka zauna nan kusa da ruwan a ƙasar Bebeji kamar mu, wasu suka yi Kiru, wasu Tudun Wada, wasu har Doguwa. Ba sa haɗuwa sai an yi mutuwa. Ƙannena sun ce a ƙofar gida tsofaffin nan wuri guda suka ware suka zauna, ba su kai su cika tabarma ba, kuma duk wanda ya zo gaisuwa sai sun tambaye shi ɗan wane ne shi.

Can da yamma na ji wata baƙuwa tana ce wa ta kusa da ita, "Allah ya jiƙan Malam, mutumin kirki ne. Sai dai taurin kan nan. A ce mutum ya bar jirginsa ya lalace a kan tikitin da bai kai kuɗin goro ba." Wallahi saura kaɗan in manta zaman makoki muke. Na haɗiye maganata don idon Iya, amma har yau tana nan a wuyana. Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Ba na so jikokinmu su tashi su ji cewa an taɓa yin wani tsoho marowaci da ya ƙi biyan tikiti. Gonar ubansa ce a ƙarƙashin ruwan nan, kuma duk rigimar da ya yi, yi ya yi don kada ta fita daga hannunsa.

Kaka manomi ne. Ya yi shekara wajen hamsin yana su, amma kira shi masunci ka ga ɓacin rai. Da girmansa ya koyi jefa birgi, bayan ya rasa inda zai kafa fartanya, kuma Iya ta ce farkon koyonsa ya fi kama ƙafarsa da ragar fiye da kifi. Har ya tsufa bai iya iyo na a zo a gani ba. Idan ya idar da sallar asuba ya saɓa filafilinsa, abin da yake ce wa Iya shi ne, "Na tafi gona." In ya dawo ta ce masa, "Sannu da aiki, ya gonar?" Ya ce, "Da godiya, yau ta bayar." Haka na tashi na same su, ban taɓa jin ɗayansu ya yi dariyar maganar ba.

Kuma ba ya cin kifi. Ko miyar da aka sa kan tarwaɗa ce sai dai a yi masa tasa daban, kuka da daddawa. Na taɓa tsokanarsa, don ni jika ce, ba abin da ba na gaya masa. Na ce, "Ango, wannan ai asara ce. Kana kamawa muna cinyewa."

Ya ce, "Amarya, abin da yake kwana a ɗakin uwata ne zan kai bakina?"

Na ce, "To mu da muke ci fa?"

Ya ce, "Ke ai bayan ruwa aka haife ki, ba ki da laifi. Ci abinki."

Ruwan da mu muke gani shimfiɗe, ba gaba ba baya, shi unguwanni yake gani a ciki. Sai ka ji ya ce yau karfasa ta taru a bayan maƙera, ko kuma iska ta kora shi har kasuwar awaki. Matasan masunta sun ɗauki sunayen a bakinsa suna faɗa, ba tare da sun san ainihin wuraren ba. Akwai inda ba ya jefa raga ko da kifi na tsalle cikin jirgi, wato saman masallaci da saman maƙabarta. In ya zo nan sai ya ɗauke filafili daga ruwa, ya yi sallama, ya bar jirgin ya wuce da kansa.

Wanda zai ce ya ƙi biyan tikiti don rowa, bai san labarin harajinsa ba. Iya ce ta ba ni, kuma duk sanda take bayarwa sai ta yi tsaki. Shekarun farko bayan an tashe su, ana nan ana karɓar haraji a kan kowane magidanci. Dagacin inda aka sauke su ya sa aka ƙirga su cikin mutanensa. Shi kuma tsohon mai unguwarsu, da bai san matsayinsa ba tunda unguwar ta nutse, ya ci gaba da zagayawa yana karɓa da sunan tsohon gari. Mutane suka ce ba za su biya sau biyu ba, kuma suna da gaskiya, don a lokacin ko rufin kirki ba su yi ba. Kaka kaɗai ya biya nan ya biya can. Akuyar Iya aka kai kasuwa a kan haka, akuyar da ta taho da ita a kafaɗa daga tsohon gida.

Ta ce ta yi masa tas. Shi kuwa ya bari ta gama, ya ce, "Muddin ana karɓar haraji da sunan garin nan, ai garin yana nan. Ba a karɓar haraji a inda babu mutane." Da aka gano kuskuren aka ce mai unguwar ya daina, kowa murna yake. Kaka ya shiga ɗaki ya ƙi cin tuwo. Iya ta ce ba ta ga hawayensa ranar da ruwa ya taɓa katangar gidansu ba, sai a wannan rana.

Ni kuwa ban gado wannan haƙurin ba. Bandar kifi nake yi a gida, maigidana yana kai min Kano. Kwando ɗaya tak, a biya a bakin ruwa, a biya a tasha wajen lodi. Kana hawa titi ga igiya an gitta, yara riƙe da takardu kala-kala, a biya. Gaba kaɗan wata igiyar, su ce ta baya ba tasu ba ce. A ƙofar kasuwa a biya, ƙasar da za a dire kwandon a biya, har da kuɗin shara a wurin da ban taɓa jin an share ba. In ya dawo ya zube min abin da ya rage, sai in tuna hayaƙin da na sha har idona ya yi ja, in ji kamar in yi ihu. Hanyar da ake tare mu a kanta kuwa, mai ciki ta bi ta a babur sai dai addu'a.

Wata rana na je gida a fusace na zazzage wa Kaka duk wannan. Yana zaune yana ɗinkin raga, babban yatsan ƙafarsa riƙe da bakin zaren. Na ce, "Ango, tsakaninka da Allah, abin da ake karɓa a hannun talaka bai yi yawa ba?"

Ya ce, "Ya yi mana. Wa ya ce miki bai yi ba?"

Na ce, "To ai kai ba ka taɓa cewa komai."

Ya ce, "Na da ma ba daɗi gare shi ba, kar wani ya ruɗe ki. Na ga an shanya dattijo a rana a kan haraji, na ga wanda ya gudu ci-rani bai dawo ba. Amma sau ɗaya ne a shekara, kin san ranarsa, kin san mai karɓa, shi ma ya san ubanki. In gobara ta ci rumbunki ya sani. Na yanzu kullum ne, kaɗan-kaɗan, kamar gara a jikin azara. Kuma igiya ce take karɓa. Igiya ba ta tambayar sunan mutum."

Duk da haka biya yake yi, ko a fuska ba ya nunawa. Da ya ji maigidana ya fara bin hanyar daji da babur don ya kauce wa wata igiyar, kiransa ya yi ya zaunar da shi. Ya ce masa ya bi titi ya biya, in an zalunce shi ya bar wa Allah, amma kar ya koya wa ƙafarsa saɗaɗawa. Maigidana ya fito yana gumi, ya ce min, "Wannan angon naki ya fi 'yan tikitin tsanani."

To, wannan mutumin ne aka wayi gari aka ce zai riƙa biyan kuɗin ruwa. An kafa rumfa a gaɓa, duk jirgin da zai shiga sai an yanka masa tikiti. Masunta suka yi gunaguni suka biya, don ciki ba ya jira. Kaka ya zo da asuba da filafilinsa, aka miƙo masa takarda, ya duba ta, ya mayar.

Mai yankan tikitin ba baƙo ba ne. Ɗan amininsa ne, aminin da suka taso tare a tsohon gari, wanda ya rasu ya bar yaron da uwarsa. Kaka ne ma ya yi masa waliyyi da zai yi aure. Yaron ya durƙusa ya ce, "Baba, doka ce aka kawo, kowa da kowa ne."

Kaka ya ce, "Na ji. Na kasuwa ina biya, na hanya ina biya, ka sani. Amma inda nake jefa ragata gonar ubana ce. Da aka tashe mu an biya ni kuɗin ɗakuna da na mangwaro. Ba wanda ya sayi ƙasar a hannuna, ruwa aka ɗora mata. Ban taɓa jin inda mutum ya biya haya a gonar gado ba." Ya tura jirginsa ya shiga.

Haka suka daɗe suna yi. Kullum da asuba yaron ya miƙa takarda, Kaka ya mayar. In ya fito daga ruwa kuma, sai ya zaɓi kifin da ya fi kowanne girma ya rataya a jikin rumfar, ya ce a kai wa gyatumarsa. Kifin nan ya ninka kuɗin tikitin ban san sau nawa ba. Mutane suka ce masa, "Malam, ai gara ka biya, ka fi samun sauƙi." Ya ce kyauta daban, haya daban. Yaron ya yi ta rufa masa asiri iyakar iyawarsa, har magana ta kai kunnen na sama da shi. Suka zo da kansu da mota, suka sa aka ja jirgin Kaka tudu aka kife shi a gefen rumfa, aka ɗaure da sarƙa, sai ranar da ya biya.

Ranar gari ya ɗauki zafi. Bayan motar ta tafi, matasan masunta suka yi kan yaron, suna cewa yau sai ya sha ruwan da yake sayarwa. Sun riga sun ɗaga shi sama sun nufi gaɓa da shi. Kaka, da jirginsa ke kife ko awa ba a yi ba, shi ya sha gabansu da filafili a hannu. Ya ce, "Ku sauke shi. Aiko shi aka yi, kuma da abin da yake samu a nan yake ciyar da uwarsa. Duk wanda ya taɓa shi, ni ya taɓa." Suka sauke shi. Kaka ya karkaɗe masa riga, ya raka shi har ƙofar gida.

Babana kuwa abin ya ci masa rai matuƙa. Shi noman rani yake yi, tumatir da albasa, bai taɓa son ruwan ba. Da yamma ya shigo ya ce zai je ya biya a saki jirgin, a daina nuna gidanmu da baki. Ina nan a tsakar gida na zo wuni, da kunnena na ji.

Kaka ya ce, "Ka biya in kana so. Amma ranar da ka biya, ka sa gatari ka faskara shi Iya ta yi girki, don ƙafata ba za ta ƙara taka shi ba."

Babana mutum ne mai kawaici, ban taɓa jin ya ɗaga wa mahaifinsa murya ba sai ranar. Ya ce, "Baba, wace gona? Gonar nan ta tafi. Ta tafi tun ina yawo ba wando. Kowa ya haƙura ya kama wata rayuwar, kai kaɗai ka tsaya kana gadin ruwa. Mu da muke raye a gabanka ba mu kai laka ba?"

Kaka ya dube shi, ya ce, "A gonar aka binne cibiyarka." Ya tashi ya shiga ɗaki.

Su biyun a kwano ɗaya suke cin tuwon dare tun babana yana saurayi. Daga ranar kowa ya koma cin nasa. Ana gaisawa, babana yana durƙusawa kamar kullum, amma maganar ba ta wuce "lafiya lau". Damina guda aka yi a haka, gidan ba daɗi. Iya ce ta gaji. Wani dare ta zuba tuwo a kwano ɗaya ta dire a tsakaninsu, ta ce ɗayan kwanon ya ɓata, wanda ba zai ci ba ya kwana da yunwa. Suka zauna suna kallon tuwon har ya fara hucewa. Can Kaka ya gutsura, ya tura kwanon gaban ɗansa. Ba wanda ya ba wani haƙuri, kuma ba a ƙara tayar da maganar biya ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi yi min ciwo. Bai daina fita da asuba ba, bai daina cewa ya tafi gona ba. Sai dai yanzu iyakarsa gaɓa. Ya zauna a gindin jirginsa da ke kife yana ɗinke wa mutane raga, yana kallon masu shiga da masu fita. Da yawa sun ce ya zo su tafi a nasu jirgin, ya ce a'a, nasu ya biya, shiga ciki biya ne ta bayan gida. Rana ta yi ta dukan katakon har ya tsattsage, kaji suka mayar da ƙarƙashinsa wurin ƙwai. Shekaru suka yi ta wucewa a haka. Wani lokaci in na kai masa fura sai in tarar ya ɗora tafin hannu a jikin jirgin yana magana ƙasa-ƙasa, in ya gan ni ya wayance da cewa, "Amarya, yau ma kin cika ruwa a furar nan." Ni kuma in ce sadakin da ya biya ke nan. Mu yi dariya, in juya in tafi ina share ido da bakin mayafi.

Sannu a hankali yanar ido ta rufe masa gani, ƙafa ta fara kumbura. A daminar da ta wuce ya kwanta sosai, na dawo gida jinya. Wata safiya bayan ya sha koko ya sa aka kira babana. Ya ce, "Ina so ka kai ni gona."

Babana ya ce, "Baba, jirgin ai ba zai hau ruwa ba yanzu."

Ya ce, "Aro na maƙwabci. Ba su za ni ba, gani kawai zan yi. A tafi da amaryata, ita ce idona."

Aka ɗauke shi a mota zuwa gaɓa, aka shimfiɗa masa bargo a cikin jirgin, na zauna a bayansa ya jingina da ni. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Babana ya kama filafili, yana tuƙi irin na wanda bai saba ba. Da muka yi nisa Kaka ya sa hannu a ruwa, fuskarsa ta saki, rabon da in ga haka har na manta. Ya fara gaya min yadda ake gane wurin. Akwai wata kuka a tudun gabas, akwai dutse mai tsaga a bayanta. In kukar ta shiga daidai tsagar dutsen, to kana tsakiyar gonar. Ya ce, "Duba min, amarya. Ta shiga?"

Na duba. Ga dutsen can da tsagarsa. Amma babu kuka. Tudun duk an share shi an yi fadamun noman rani, sai koren shukar damina da rumfunan injin ban-ruwa. Na ƙara dubawa har idona ya yi ruwa, ko kututture ban hango ba. Na kalli babana, ya girgiza min kai a hankali. Na so in yi masa ƙarya, wallahi na so. Bakina ya ƙi.

Na ce, "Ango, kukar ba ta nan."

Ya ce, "Tana nan. Ba ki iya dubawa ba ne. Matsa gaba."

Babana ya matsa. Kaka ya ce a yi dama, aka yi. Ya ce a koma baya kaɗan, aka koma. Ya yunƙura ya ɗago kai yana ƙifta idanun da ba sa ganin komai sai haske. Ya tambayi babana, "Kai fa, ba ka gane ba? Nan ka koyi tafiya." Babana ya ce, "Baba, ban sani ba." Muka yi ta zagaye a wuri ɗaya, ruwa iri ɗaya ta ko'ina, har rana ta fara zafi. Ya daina ba da umarni. Ya cire hannunsa daga ruwan ya goge a riga, ya ce, "Mu koma."

Da muka iso gaɓa, mai yankan tikitin ne ya fara shigowa ruwa har gwiwa ya kama bakin jirgin. Shi ma yanzu furfura ta fara fito masa. Shi da babana suka ɗauko Kaka suka zaunar da shi a kan benci a inuwar rumfa. Sai na ga yana laluben aljihun rigarsa, ya zaro 'yan kuɗin da mutane ke ba shi in sun zo dubiya. Ya miƙa su ta inda ya ji muryar mutumin.

Ya ce, "Yanka mana tikiti."

Mutumin ya ja da baya kamar an miƙo masa garwashi. Ya ce, "Haba Baba. Ai ba su kuka je ba. Don Allah a bar shi."

Kaka ya ce, "Yanka."

Mutumin ya durƙusa a gabansa ya ce, "Baba, shekara nawa ina miƙo maka kana mayarwa. Kar ka sa ni karɓa yau. Gonarka ce, kowa ya sani."

Kaka ya ce, "Na je na neme ta, ban gan ta ba. Yau baƙi muke. Yanka mana, mu uku."

Babana ya juya baya ya fuskanci ruwa, kafaɗunsa suna motsi. Mutumin ya yanka takardun yana kuka kamar yaro, ya sa a hannun Kaka. Ni da na shekara ina zagin igiya da masu igiya, ban taɓa ganin an karɓi abu mai yawa a hannun talaka kamar 'yan kuɗin nan ba.

Daga ranar bai ƙara ambatar gona ba. Da asuba in ya idar da salla a zaune, Iya takan tsaya a bakin ƙofa tana jira ko zai faɗi abin da ya saba faɗa, sai dai ya ja bargo ya juya fuska bango. Bai kai girbin dawa ba.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka. Ya biya abin da aka ce ya biya, har da wanda bai kamata a karɓa ba. Ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka kabarinsa, ka ba Iya da babana haƙurin rashinsa. Ka saukar da shi a gidan da ba a tashin mutum daga cikinsa.